Surukinka ne dillalin, to wa zai duba maka motar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar hatsi a Kawo, Kaduna. Ina saro masara daga Saminaka da Soba, in kai wa masu haɗa abincin kaji a wajen Zuba, amma kuɗin mota ya ishe ni. Ƙanin matata yana harkar motoci a Legas, ya samo mini babbar bas ta kaya, Ford E-350 ƙirar 2012, 'yar Amurka, injin fetur mai silinda takwas, a kan naira miliyan 14. Ya ce ba ta da na biyu a babban titi, kuma tana jan ƙaramar tirela mai tan huɗu da rabi. Niyyata in zuba buhu 15 a cikinta, 30 a tirelar da mai walda zai haɗa mini. Ya ce wata takwas ta mayar da kuɗinta, in tura rabi a riƙe mini ita. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka tura ko sisi tukuna.

Na karanta wasiƙarka ina neman abu guda da ka gani da idonka, ban samu ba. Ƙarfin motar, surukinka ne ya faɗa. Farashi, shi ya faɗa. Wata takwas ɗin ma daga bakinsa ta fito. Kuma shi ne mai la'ada idan ciniki ya faɗa. Ban ce maƙaryaci ne ba, wataƙila har zuciyarsa alheri yake nufinka da shi. Amma dillali dillali ne ko uwarku ɗaya. Da baƙo ne ya kawo maka wannan mota, da ka ɗauki makanikenka, ka taya ƙasa, ka tsare shi da tambayoyi har ya gaji. Saboda ƙanin uwargida ne, kunya ta rufe maka baki, kana shirin cinikin biri a sama, har ka tura miliyan 7.

Ɗauki maganar tan huɗu da rabi. Akwai E-350 da kamfanin ya yarda ta ja kusan haka, amma mai babban inji ce, silinda goma. Taka mai takwas ce. A irinta, mota da tirela da kaya da mutanen ciki, duka a haɗe, iyakarsu bai cika tan shida ba. Ita kanta motar babu kaya ta kai tan biyu da rabi. Cire nauyin tirelar ƙarfe, mu ce kilo 800, ka cire direba da yaron mota. Abin da ya rage wa masara bai wuce buhu 24 ko 25 masu kilo 100 ba, ciki da waje. Kai kuwa 45 ka lissafa. Tun ba ka kunna mota ba ka ɗora mata tan biyu fiye da ƙarfinta.

Kuma wannan iyaka ta sabuwar mota ce a titin Amurka. Wadda ake maka talla ta haura shekara goma tana bauta, don irin waɗannan motoci kamfanoni ne ke sayensu, ba sa sakinsu sai sun ci moriyarsu. Idan daga jihohin da ake zuba wa titi gishiri saboda ƙanƙara ta fito, tsatsa ta ci shasin daga ƙasa, kuma a jikin shasin nan ake ɗaure ƙugiyar jan tirela. Hoton da ya turo maka a WhatsApp fenti zai nuna maka. Sai mutum ya kwanta a ƙarƙashinta da tocila, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da guduma, ya ga ko ɓawo na zubowa.

Gaskiya ne motar tana da daɗin tafiya a miƙaƙƙen titi idan ba kaya. Da tirela kuwa wani zance ne. Doguwa ce, ga tsayi, babbar mota na giftawa iska za ta ture ta, tirelar baya ta fara rawa. Ana so wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiya. Idan yaran lodi suka tara buhuna a can baya, da ka haura gudun 80 wutsiya za ta fara kaɗa kai. Ga birki: tirela mai wannan nauyi dole ta zo da birkinta, amma yawancin na walda gatari ne da taya kawai. Ka tuna yadda hanyar Abuja take, wuraren da aka haɗe hannu biyu saboda aikin titi, tanka a gabanka ta taka birki ba zato, kai kuma kusan tan huɗu na tura ka daga baya.

Na san wani mai harkar citta da ya yi irin wannan ciniki da ɗan yayarsa. Ba a sa wa motar ƙarin abin sanyaya man giya ba, ba wanda ya ce masa ana sawa. Giyar atomatik zafi ne ke kashe ta, kuma ba abin da ke dafa ta kamar jan lodi a hawa da rana tsaka. Wata rana da la'asar, tsakanin Kateri da Jere, ya taka mai, inji ya yi ta ihu, mota ta ƙi gaba. Da aka zaro sandar gwada man giya, man da ya kamata a gan shi ja ya koma baƙi, yana warin ƙuna. Kowa ya san ba wurin da ake so magariba ta riski mutum da kaya ba ne. Ya biya janwe, ya biya motar juye kaya, motarsa ta yi watanni a gareji ana neman giyabos daga Legas. Abin da ya fi ci masa rai, bai iya tayar da maganar ba, domin duk ranar da ya taɓa ta sai yayarsa ta fashe da kuka. Asarar ta zauna a wuyansa shi kaɗai. Kai a cikin gidanka rigimar za ta kwana, uwargida na tsakaninka da ƙaninta.

Wata takwas kuma, ban san da wane alƙalami aka lissafa ba. Kaduna zuwa Zuba da dawowa ya haura kilomita 300. Wannan inji da lodi da tirela, ka yi sa'a idan lita ɗaya ta kai ka kilomita huɗu. Mu ce lita 80 zuwa 90 a sawu guda, ga yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Raba kuɗin a kan buhu 25, za ka ga abin da mai kaɗai zai ci a kowane buhu, ba a zo kan direba da taya da juyen mai da takardun VIO da sallamar hanya ba. Buɗe littafinka ka ga nawa kake biyan babbar motar dizal a kan buhu yau. Zai yi wuya bas mai shan fetur ta kayar da ita a dakon hatsi. Sannan miliyan 14 da aka zare daga jari a lokacin kaka, masara nawa ce da ba za ka saya ka ajiye ba?

Idan duk da haka ranka na kan motar, kira surukinka ka ce masa sai an kawo ta Kaduna, ko kuma ka tura makaniken da kai ka zaɓa, kai ka biya shi, ya je Legas. A duba shasi da man giya, a karanta takardar nauyi da ke manne a jikin ƙofar direba, a duba lambobi huɗu na jikin taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. A zuba mata buhu 12, a bi hanyar Zariya har Maraban Jos a dawo, ido na kan allurar zafi. Kafin nan leƙa kasuwar Panteka ka tambayi kuɗin giyabos ɗinta da kwana nawa ake yi kafin a samo, don tun 2014 Ford ta daina ƙera wannan samfurin bas, kuma kayanta ba su cika gari kamar na Hiace ba. A rubuta farashi da la'adarsa a takarda, gaban shaidu biyu da ba 'yan gida ba. Idan ya nuna ɓacin rai wai ba ka yarda da shi ba, ba shi kuɗin wahalarsa, ka ce masa bana jarin na masara ne.