Girka nvm da cire shi a Ubuntu: amsa ga mai koyon JavaScript

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon JavaScript a kwamfuta mai Ubuntu, kuma wani aikina yana buƙatar siga ta 18 ta Node, manhajar da ke gudanar da JavaScript a kwamfuta, wani kuma siga ta 20. Na girka nvm, manhajar da ke girka sigogin Node da sauyawa tsakaninsu, amma da na rubuta `nvm` sai tagar umarni ta ce ba ta san shi ba. Ina so in cire shi in sake girkawa. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar cirewa, domin ina kyautata zaton girkawar ta yi daidai. Umarnin girkawa da ke shafin nvm-sh a GitHub, wanda ake sauko da shi ta `curl` a miƙa wa `bash` (manhajar da ke karɓar umarni a tagar), abu biyu yake yi: yana ajiye fayilolin nvm a folda `~/.nvm`, sannan ya ƙara wasu layuka a fayil ɗin `~/.bashrc`. Tagar da ka yi girkawar a cikinta ta riga ta karanta wannan fayil tun lokacin da aka buɗe ta, saboda haka ba ta ga sababbin layukan ba. Ka rufe ta ka buɗe wata, ko ka rubuta `source ~/.bashrc`.

Abin da ke rikita mutane da yawa shi ne nvm yana zaune ne a cikin bash kansa, ba shi da fayil guda da ake kira kamar sauran manhajoji. Shi ya sa `which nvm` ba ya nuna komai ko da komai lafiya yake. Gwajin da ya dace shi ne `command -v nvm`, kuma idan ya dawo da kalmar nvm, to an gama. Daga nan `nvm install 18` da `nvm install 20` za su sauko da sigogin biyu, `nvm use 18` kuma ya sauya ka zuwa wadda aikin yake so. Kada ka haɗa nvm da `sudo`, umarnin da ke ba da ikon mai kula da kwamfuta, domin komai a cikin foldarka ta gida yake.

Idan duk da haka ka ƙudura cirewa, to ka sani cewa kowace sigar Node da ka sauko da ita, tare da kayan da ka girka mata ta `npm install -g`, duk a cikin foldar nvm suke, kuma tare za su tafi. Ka fara rubuta `npm ls -g --depth=0` a kowace siga ka adana jerin kayan da ya nuna, don kada ka rasa abin da za ka mayar daga baya. Sannan ka duba `echo $NVM_DIR` domin ka tabbatar da ainihin inda foldar take, tunda a wasu kwamfutoci ba a `~/.nvm` take ba. Bayan haka ka rubuta `nvm unload`, sai `rm -rf ~/.nvm` idan can ne ta nuna maka. Ina roƙonka ka karanta wannan layi sau biyu kafin ka danna Enter, domin `rm -rf` ba ya tambaya, ba ya kuma aika abu zuwa kwandon shara, kuma idan ka saka tazara tsakanin `~/` da `.nvm` bisa kuskure, foldarka ta gida gaba ɗaya zai share.

Saura ka buɗe `~/.bashrc` da `nano`, manhajar gyara rubutu, ka goge layukan da ke ɗauke da `NVM_DIR`, ka adana, sannan ka buɗe sabuwar taga kafin ka sake girkawa.