Makunnin shawar lantarki yana zafi yana wari: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shawarmu irin mai dumama ruwa nan take ce, mai kilowat 9.5. Makunninta na igiya da ke rufin banɗaki yakan ɗau zafi bayan wanka, har da wani wari kamar ƙarnin kifi. Wata shida ke nan da muka sauya shi, ga sabon ma ya fara baƙi, alhali breka ba ta taɓa faɗuwa ba. Ko shawar ce ta lalace?
Daga wani magidanci

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun yau a kashe brekar shawar, kada kowa ya sake wanka da ita sai an gyara. Warin nan robar makunnin ce take dahuwa, kuma daga nan gobara ke tashi.

Da wuya laifin shawar ne. Raba wat 9,500 da bolt 230, wato ƙarfin wutar gida, za ka samu amfiya 41, wato yawan wutar da shawar ke ja. Duk wannan wutar tana bi ta bakin waya da ɗan sukuru ya danne. Idan sukurun ya ɗan saki, wurin haɗuwar ya ragu, sai wuta ta riƙa kutsawa da ƙyar. Turjiyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na om (ma'aunin turjiya) ba takan haifar da zafi kusan wat 17 a wuri kamar ƙwayar wake. Zafin ya sa tagulla ta yi baƙi, baƙin ya ƙara turjiya, turjiyar ta ƙara zafi. Ita kuwa breka yawan wutar da ke wucewa take aunawa, ba ruwanta da zafin baki ɗaya, shi ya sa ba ta faɗi ba. Haka ma na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke kare mutum daga jan wuta, sai wuta ta zurare ƙasa take yankewa.

Abin da ya fi damuna shi ne sabon makunnin da ya sake ƙonewa. Galibi hakan na nufin an mayar da tsohon bakin wayar da ya riga ya ƙone. Ka kira ƙwararren mai aikin lantarki, ya kashe wuta, ya gwada da na'ura ya tabbatar babu ita, sannan ya yanke wayar har inda tagulla take sheƙi, robarta kuma ba ta taurare ba. Idan ta gajarta a ja sabuwa, kada a yi faci. Makunnin ya zama mai amfiya 45 ko 50, mai yanke layi biyu, wato wayar da ke kawo wuta da wadda ke mayar da ita. Duk silin wayar su shiga ramin sukurun, kada a rage ko ɗaya don ta shiga da sauƙi, kada kuma a shafa mata dalma. A ɗaure, a lanƙwasa wayoyin zuwa mazauninsu, a sake ɗaurewa, domin waya mai kauri takan motsa silinta su saki lokacin da ake tura ta. Akwatin bayan makunni mai zurfin milimita 47 ya fi dacewa, ƙarami yakan matse wayar ya ja bakin.

A duba kaurin wayar ma. Mai murabba'in milimita 6 tana ɗaukar kimanin amfiya 47 idan a fili take manne da bango, amma idan ta nutse cikin abin hana zafi na rufi, abin da za ta iya ɗauka yakan ragu ƙwarai. A irin wannan hali sai mai murabba'in milimita 10 ko fiye. Zafi a makunni kaɗai galibi alamar sakin sukuru ne, zafi a tsawon wayar kuwa alamar ta yi ƙanƙanta. A leƙa bakin breka da na cikin shawar, su ma sukan saki.

Tambaya: Yarana da igiyar suke kashe shawa ruwa na zuba. Akwai illa?
Daga wata uwargida

Amsa: Akwai, Hajiya. Yanke amfiya 40 kai tsaye yana haifar da tartsatsi a cikin makunnin, wanda kan cinye ƙarafunan da ke haɗuwa sannu a hankali har su fara zafi. Ki koya musu su fara kashewa a jikin shawar, su jira ruwan ya tsaya, sannan su ja igiya.