Shin Daidai ne a Ce Na'ura Tana Jin Hausa?

Wata malamar firamare daga Tudun Wada a nan Kaduna ta aiko da tambaya kan kalmar manhaja, wadda take ji ana kiran ChatGPT (abin nan na waya da kwamfuta mai amsa tambayar da aka rubuta masa) da ita, alhali a wurin aikinsu manhaja tsarin darussa ce. Ma'anar da malama ta sani ita ce ta farko. Kalmar aro ce daga Larabci, inda take nufin tafarki ko tsarin da ake bi, kuma bayan yaɗuwar wayoyin zamani kafofin yaɗa labarai suka faɗaɗa ta zuwa tsarin umarnin da kwamfuta ke aiki da shi. A ganina faɗaɗawar ta dace.

Tambaya ta biyu, wadda ta fi ɗaukar hankalina, ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Kawo. Ya ce yana rubuta wa irin wannan manhaja tambaya da Hausa tana ba shi amsa, don haka yana so ya san ko za a iya cewa tana jin Hausa.

Ji a Hausa ya wuce aikin kunne. Muna jin ƙamshi, muna jin sanyi, kuma idan aka ce yaro ba ya ji, ba kurma ake nufi ba. Haka nan wanda ya ce maka bai gane hausarka ba, manufarka ce ta shige masa duhu, ko da ya san kowace kalma da ka furta. Ita kuwa ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a Nuwamban 2022, an horar da ita ne da ɗimbin rubuce-rubuce, tana kintatar kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata, kuma rabon Hausa a cikin waɗannan rubuce-rubuce kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turanci.

Akwai kuma matsalar rubutunmu na boko, wanda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Garin da ake tuwo da shi da garin da ake zama a cikinsa rubutunsu ɗaya ne, haka kalmar kuka ta kukan yaro da ta kukar miya. Da yawanmu ma muna yar da lanƙwasar haruffa a waya, sai baƙi ya koma baki. Manhajar takan cinko ma'ana daga kalmomin da ke kewaye, kuma sau da yawa takan dace, amma na sha ganin ta fassara karin magana kalma bayan kalma, ko ta ƙago wadda babu Bahaushen da ya taɓa faɗa. Don haka maimakon a ce tana jin Hausa, na fi son a ce tana karanta Hausa tana kuma ba da amsa da ita. Idan ta ba ka ma'anar wata kalma, ka duba ƙamusun Bargery na 1934 ko wanda Jami'ar Bayero ta wallafa a 2006 kafin ka ɗauka.