Ga mai son aikin shari'ar laifukan intanet

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kina shekarar ƙarshe a karatun lauya, kina son ki karkata ga shari'ar laifukan intanet, kuma kina tambaya ko dole sai kin iya rubuta manhaja, da kuma wace takardar ƙwarewa ya kamata ki nema. Na ga wasu sun riga sun jero miki sunayen kwasa-kwasai. Ni yadda aikin yake zan faɗa miki, don na daɗe a cikinsa, da farko tare da masu gabatar da ƙara, daga baya tare da kamfanonin da aka yi wa kutse.

Ba sai kin iya rubuta manhaja ba. Abin da ba makawa sai kin iya shi ne hujja: ina ake samo ta, da izinin wa, ta hannun wa da wa ta bi, kuma yaya za a sa alƙali ya gane ta. Yawancin shari'un da na ga sun rushe, an san mai laifin sarai. Hujjar ce ta lalace tun kafin ta isa kotu.

Ga yadda abin ke faruwa. Jami'in bincike ya karɓi waya a hannun wanda ake zargi, ya buɗe ta nan take, ya yi ta karanta saƙonni, ya ɗauki hotunansu ya tura wa abokin aikinsa. A ganinsa ya yi aiki. Ranar shari'a lauyan wanda ake tuhuma zai miƙe a hankali ya tambaye shi: "Daga sa'ar da ka karɓi wayar nan zuwa sa'ar da ta isa ɗakin bincike, a ina ta kwana? Wa ya taɓa ta? Me zai hana mu ce kai ka saka saƙon?" In babu takardar da ta nuna kowane hannu da wayar ta bi, da rana da lokaci da sa hannu, to shi ke nan, kokonto ya shiga. Ƙwararru ba sa aiki a kan asalin na'ura. Sukan kwafe abin da ke cikinta gaba ɗaya ta wata na'ura da ke hana a ƙara ko a rage komai, sannan su fitar da wata doguwar lamba da ake kira hash, wadda lissafi ke samarwa daga bayanan kansu. Harafi ɗaya ya canza a ciki, lambar ta canza baki ɗaya. In ta kwafin ta yi daidai da ta asalin, an toshe bakin mai cewa an yi cushe. Ba ke za ki fitar da lambar ba, amma ke za ki tsaya ki yi wa wanda ya fitar da ita tambayoyi, don haka dole ki san me take tabbatarwa da me ba ta tabbatarwa.

Haka adireshin IP, wato lambar da ake ba layin da na'ura ta hau intanet da shi. Sababbin shiga suna ɗaukarsa kamar sunan mutum, alhali layi kawai yake nunawa. Kamfanonin waya kan raba adireshi ɗaya ga mutane masu yawa a lokaci guda, kuma wanda ke kansa da safe ba lalle shi ne da yamma ba. Sai an haɗa da ainihin daƙiƙar da abin ya faru. A nan ma akwai tarko, domin rajistar na'urori da yawa na bin agogon bai-ɗaya na duniya da ake kira UTC ne, ba agogon ƙasar da ake ciki ba. Bambancin awa ɗaya ya isa a je a ƙwanƙwasa ƙofar wanda bai ji ba bai gani ba. Ko an samu gidan daidai, saura a nuna wane ne ke zaune a gaban kwamfutar. Wannan ne ya sa a 2013, da jami'an Amurka suka tashi kama Ross Ulbricht, mai Silk Road, wata ɓoyayyar kasuwar miyagun ƙwayoyi a intanet, suka jira shi a wani ɗakin karatu a San Francisco har ya buɗe kwamfutarsa ya shiga shafin, sannan suka ɗauke hankalinsa suka fizge ta tana buɗe. Da ya samu rufe ta, da bayanan sun kulle.

Abu na biyu da zai cinye miki lokaci shi ne iyakar ƙasa. Wanda aka cuta yana wata ƙasa, ɗan damfarar yana wata, bayanan suna ajiye a ta uku, kuɗin kuma sun bi ta huɗu. A watan Mayun 2000 ƙwayar cutar kwamfuta ta ILOVEYOU ta fito daga Filifin ta yi ɓarna a duniya, aka gano wanda ake zargi, amma aka janye tuhuma saboda a lokacin ƙasar ba ta da dokar da ta haramta abin da ya yi. A 2016 kuma masu kutse suka aika umarnin ƙarya ta SWIFT, tsarin da bankuna ke aika wa juna umarnin tura kuɗi da shi, suka kwashe dala miliyan 81 na babban bankin Bangaladash, kuɗin suka faɗa gidajen caca a Filifin. Don haka ki zauna ki karanta Yarjejeniyar Budapest ta 2001 kan laifukan intanet, ko da ƙasarki ba ta sa hannu ba, domin dokokin ƙasashe da yawa daga jikinta aka yanko su. Ki kula musamman da inda ta ba da damar a umarci kamfani ya killace bayanai har kwana 90 kafin a samu izinin karɓarsu. A aikace wannan wasiƙar killacewa ita ce abu na farko da nake rubutawa, saboda neman bayanai ta hanyar taimakon shari'a tsakanin ƙasashe kan ɗauki watanni, kamfanoni kuwa ba sa ajiye rajistarsu har abada. Bayan ta Budapest akwai Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka ta 2014 kan tsaron intanet da kare bayanai, wadda sai a 2023 ta fara aiki, da sabuwar yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Disambar 2024. Amma kafin duk waɗannan, ki san dokar laifukan intanet ta ƙasarki da sashen dokar shaida da ya yi magana a kan hujjar da ta fito daga kwamfuta. Wannan sashen, ki haddace shi.

Batun aiki kuwa, ba kamun ɓarayi kaɗai ba ne, kuma in gaskiya kike so, guraben sun fi yawa a wajen kare bayanan jama'a. Tun da GDPR, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, ta fara aiki a Mayun 2018, da tarar da za ta iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara, bankuna da asibitoci da kamfanonin sadarwa suka fara neman lauyan da ya san wannan fanni, ƙasashe da dama kuma suka yi tasu dokar a kan wannan salo. Dokar GDPR ta ba kamfani awa 72 ya sanar da hukuma in bayanan mutane sun fita. A cikin waɗannan awanni injiniyoyi na cewa ba su gama tantancewa ba, shugabanni na son a yi shiru, wani lokaci ma ga masu kutse na neman kuɗin fansa. Ke ce za ki ce ga abin da doka ta wajabta, ga abin da za a rubuta, ga na'urar da ba za a goge ba ko da ana gaggawar komawa aiki. Akwai kuma ɓangaren kare wanda ake tuhuma, wanda mutane ke rainawa. Ni ban raina shi ba. A ƙasashe da yawa an yi amfani da dokokin laifukan intanet an tsare 'yan jarida da masu sukar gwamnati, da sunan ɓatanci ko tayar da hankali, kuma suna buƙatar lauyan da ya san fannin.

Takardun ƙwarewa ba su da wuyar bayani. Security+ ta CompTIA, takardar matakin farko a tsaron kwamfuta, za ta ba ki harshen injiniyoyi. CIPP/E ta dace in kin nufi kare bayanai. CISSP, ta manyan ƙwararrun tsaron kwamfuta, ki bar ta tukuna, sai da shekara 5 na aiki ake ba da cikakkiyarta. Abin da ya fi min amfani shi ne wasa da manhajar Autopsy ta binciken faifan ajiya da Wireshark ta duba zirga-zirgar bayanai a layi, dukansu kyauta ne: ki samu tsohon faifan ajiya naki, ki goge hotuna, ki ga yadda ake dawo da su. Naki fa na ce. Dokar Ingila ta 1990 ta ɗauki shiga kwamfutar wani ba izini a matsayin laifi ko ba a ɗauki komai ba, kuma dokoki da yawa haka suke. "Gwaji nake yi" ba kariya ba ce, ballantana ga lauya.

Akwai abin da masu tallan kwasa-kwasai ba sa faɗa. Za ki ga abubuwa masu tayar da hankali, musamman a shari'un cin zarafin yara da na masu barazanar yaɗa hotunan tsiraici. Za ki zauna da dattijon da aka yashe wa kuɗin ritayarsa, kunya ta hana shi gaya wa 'ya'yansa. Da yawansu kafin su zo sun riga sun goge saƙonnin don baƙin ciki, shi ya sa kalmar farko da nake faɗa wa duk wanda ya kira ni ita ce kada ya goge komai, kada kuma ya sake tura ko sisi. Ki tambayi kanki tun yanzu ko zuciyarki za ta ɗauka. In ba za ta ɗauka ba, ɓangaren kamfanoni na nan, kuma ba gazawa ba ce.

Da ni ce ke, da na gama sai in fara da ofishin da ke yin shari'un laifi na yau da kullum, in yi shekara biyu ina koyon gabatar da shaida da titsiye shaidu, ina karatun fasahar da daddare. Lauyan da ya iya kotu kan koyi kwamfuta cikin watanni. Wanda ya tara takardun kwamfuta bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, shi ne nake ganin yana shan wuya. Ki kuma nemi hukunce-hukuncen kotunan ɗaukaka ƙara na ƙasarki inda aka yi watsi da hujjar kwamfuta, ki karanta dalilin alƙalan ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya ba da sa'ar jarrabawa.