Bayan Tiyatar Kansar Maƙoƙo: Dishewar Murya Da Tsikarin Yatsu

'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Kin ce tun da aka cire miki tairod, ƙwayar nan ta gaban wuya, muryarki ta dishe, yatsu da leɓe kuma suna miki tsikari.

Dishewar galibi takan washe cikin makonni ko 'yan watanni. Tsikarin ne ban so ki yi wasa da shi. Yawanci kalsiyam ne ya sauka a jini, saboda ƙananan ƙwayoyin da ke bayan tairod, masu daidaita kalsiyam, sun taɓu lokacin aikin. Ki kira likitanki yau, in hannu ya fara ƙandarewa ki wuce asibiti kai tsaye.

Levothyroxine kuwa, maganin da ke maye gurbin sinadarin da tairod ke samarwa, kullum ne, da safe, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Ki raba shi da maganin kalsiyam da awa 4. Bayan mako 6 zuwa 8 a auna TSH, gwajin jinin da ke nuna ko adadin maganin ya yi miki daidai.