Zargi, Zato da Saurin Yanke Hukunci: Amsoshin Likita

Likita, ƙanena ya haƙiƙance maƙwabta na zuba masa guba a ruwa, don kawai ya ga ɗansu ya leƙa randarmu sau ɗaya. Me ya sa hujja ba ta shigarsa?

'Yar'uwa, abu biyu ne suka haɗu. Na farko saurin yanke hukunci. A 1988 Philippa Garety da abokan aikinta suka auna shi a Landan da tulu biyu na duwatsun ado masu launi biyu: ɗaya yana da 85 na launi na farko da 15 na launi na biyu, ɗayan akasin haka. Sai a ɓoye tulunan, a riƙa zaro dutse ɗai-ɗai daga guda, a ce mutum ya faɗi daga wanne ake ɗebowa. Masu ruɗin tunani, wato masu haƙiƙancewa a kan abin da ba gaskiya ba duk da hujja, sukan yanke daga dutse ɗaya ko biyu. Sauran mutane sukan ce a ƙaro. Na biyu, duk hujjar da ta saɓa wa zatonsa ba ta da nauyi a wurinsa. Ko kin sha ruwan a gabansa, cewa zai yi nasa kofin aka sa wa.

Kada ki yi masa gardama, kada kuma ki gaskata shi. Ki ce, "Na ga hankalinka a tashe yake." Ki lura da barcinsa, da ko yana shan wiwi, sannan a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna. In ya daina ci da sha, ko ya fara ajiye makami, yau za a kai shi.

In mutane na dariya sai in ji kamar da ni suke, ba ni da abokai. Taɓin hankali ne ya fara?

Malam, ba lallai ba. Wannan ya yi kama da halayen da muke kira sikizotaifal: zargi, keɓe kai, ganin ishara a abin da bai shafe ka ba. Yawancin masu su ba sa kamuwa da sikizofireniya, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai kawo ruɗin tunani, kuma saurin yanke hukunci bai kai ƙarfin na masu ruɗi ba. Kalmarka ta "kamar" ta kwantar mini da hankali, domin mai ruɗi ba ya shakka. Duk ranar da zaton ya zo, rubuta wasu dalilai uku da za su iya sa su dariya, ka ba tabbacinka maki cikin 100, ka sake dubawa washegari. In makin yana hawa mako bayan mako, ga likita.

Magani na gyara wannan tunanin?

Ga masu ruɗi, magunguna irin su risperidone ko olanzapine kan rage ƙarfin ruɗin cikin mako biyu zuwa shida, amma gaggawar yanke hukunci takan saura. Shi ya sa ake haɗawa da horon tunani, irin wanda Steffen Moritz ya tsara a Hambug ta Jamus. Kada a yanke magani don an ga sauƙi. Daga nan ciwon ya fi dawowa.