Hukuncin Shiga Cikin 'Yan Hayarmu Kiristoci Don Mu San Juna

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mazaunin Ƙaura Namoda ne a jihar Zamfara. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar gidan haya kusa da tashar jirgin ƙasa. Iyalai biyar ne a ciki, duka Kiristoci, wasunsu tun ba a haife ni ba suke nan. Tun rasuwarsa ni nake karɓar kuɗin haya, amma ko sunan rabinsu ban sani ba. Ranar rasuwar sun zo gaisuwa gaba ɗayansu, dattijon cikinsu har da hawaye. Yanzu ya aiko 'yarsa ta ce in zo ranar Lahadi da yamma, lokacin da suke taruwa a tsakar gida su yi addu'a, don a gabatar da ni ga kowa, mu ci abinci. 'Yar tasa ma'aikaciyar jinya ce, ita ta riƙa yi wa mahaifinmu allura, mai hankali ce ƙwarai. Wani abokina mai karatu ya ce in na je na jiɓinci kafirai, kuma ayar da ta yarda a kyautata musu an shafe ta. Malam, mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa aljanna ce makomarsa.

Ɗana, ka tambaye ni ko ya halatta ka san waɗannan mutane, ni kuwa da na karanta saƙonka abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ka shekara kana karɓar kuɗinsu ba ka san sunayensu ba. Da a ce wasu Kiristoci ne a wata unguwa kake sha'awar ka san yadda suke rayuwa, da na ce maka halal ne, in ka ga dama ka je, in ka ga dama ka bari. To amma naka ya wuce nan. Ƙarƙashin rufin gidanku suke kwana, akwai ƙulla haya tsakaninku, kuma kai ne a madadin mai gida. Idan kwanon ɗakin wani yana yoyo da damina, ko katanga ta tsage, ko rijiya ta ƙafe, wuyanka haƙƙin yake. Yaya za ka sauke haƙƙin mutumin da ba ka san ɗakinsa ba? Saboda haka gwargwadon sanin da za ka iya sauke nauyinsu da shi wajibi ne a kanka, abin da ya ƙaru a kai na zumunci da gaisuwa kuma kyautatawa ce da ake samun lada a kanta. Haƙƙin maƙwabci wanda ba Musulmi ba babu saɓani a kansa.

Abin da ke buƙatar gyara a gayyatar shi ne lokacinta. An ce ka zo sa'ar da suke addu'a. Wannan ibadarsu ce, da waƙoƙinta da kiran Annabi Isa (AS) da abin da mu ba mu yarda da shi ba, kuma bai halatta ka zauna a cikinta kana sunkuyar da kai kana amsa amin ba. Gyaran ba shi da wuya. Ka je wurin dattijon da kanka tun kafin ranar, ka gaishe shi yadda kake gaida sa'annin mahaifinka, ka ce, "Baba, na ji saƙo, na gode. Idan kun idar da addu'arku sai a aiko yaro ya kira ni." Mutumin da ya yi shekaru masu yawa a Ƙaura ya san Musulmi sarai, ba zai ji haushin wannan ba. Kada kuma ka ce tunda kai ne mai gida za ka hana su. An ba su haya ne don zama, addu'ar mutum da iyalinsa a inda yake kwana ba ta mayar da gida coci.

Sai maganar abokinka. Zan daɗe a kanta, domin na ji ta a bakin matasa da yawa, kuma tana raba maƙwabta ba gaira ba dalili.

Ya haɗa abubuwa biyu da Alƙur'ani ya raba. Jiɓinta da aka hana a Suratul Ma'ida aya ta 51 ita ce mutum ya so addininsu, ko ya yarda da shi a zuciyarsa, ko ya mara musu baya a kan Musulmi. Kyautatawa da adalci kuwa su ne aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofarsu ga duk wanda bai yaƙe mu saboda addini ba, bai fitar da mu daga gidajenmu ba. Abin lura, wannan sura da hanin jiɓinta ta fara, da shi ta rufe, ayar kyautatawa kuma tana tsakiyarta. Da abu ɗaya ne, da surar ta warware kanta. Kalmar da Allah ya yi amfani da ita ma, birru, ita ce dai kalmar da muke faɗa a biyayyar iyaye.

Batun shafewa tsohon zance ne, wasu magabata sun faɗe shi, ba abokinka ya ƙirƙiro ba. Sai dai Imamu Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan hijira, ya kawo shi a tafsirinsa ya ce ba shi da ma'ana, ya rinjayar da cewa ayar ta game mabiya kowane addini muddin ba sa yaƙar mu. Ba a cewa an shafe aya sai in ta yi karo da wata ta yadda ba za a iya aiki da duka biyun ba, a nan kuwa babu karo: ayoyin yaƙi suna magana a kan mai yaƙi, wannan tana magana a kan mai zaman lafiya. Aikin Sahabbai bayan wafatin Manzon Allah (SAW) ma ya isa amsa. Abdullahi ɗan Amru, idan an yanka akuya a gidansa, yakan tambaya ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, ya kafa hujja da wasiyyar Jibrilu a kan maƙwabci. Shi bai ji labarin shafewar ba ne? Annabi (SAW) kansa ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Wannan ƙarshen al'amari ne, babu wahayin da ya sauka bayansa.

Tunda mu nan Malikawa ne, ka ce wa abokinka ya nemi littafin Alfuruƙ na Imamu Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan hijira. Ya ware babi guda a kan bambancin kyautata musu da nuna musu ƙauna. A cikin kyautatawar ya lissafa tausaya wa mai rauninsu, ciyar da mai yunwarsu, tausasa musu magana don jinƙai ba don tsoro ba, jure cutarwar maƙwabtaka ko da kana da ikon ramawa, kare dukiyarsu da iyalinsu da mutuncinsu, da yi musu addu'ar shiriya. Har gulmarsu ya hana. To zama a tabarma ɗaya a ci shinkafa a tambayi sunan yara, a ina ya fi waɗannan nauyi? Abokin naka da alama kishin addini ne ya ja shi, Allah ya saka masa, amma ya riƙa jin tsoron jefa wa Musulmi kalmar jiɓintar kafirai. Kalma ce da ke leƙa kafirtawa, ba a wasa da ita a majalisar mai shayi.

Abincinsu da yankansu halal ne, Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ma ta faɗa, ban da alade da giya da mushe. In an kawo burkutu wurin, ka yi sallama ka tashi.

Akwai wurare biyu da harshe yake zamewa. Na farko gaisuwa. A mazhabarmu ba a fara musu da sallama, amma "ina wuni", "sannu da aiki", "yaya jikin Mama" duk babu laifi. Kiristocin ƙasar Hausa kuma sukan tsaya a ƙofa su ce salamu alaikum tsaf, ba murɗiya. Ibnul Ƙayyim ya rinjayar da cewa irin wannan a amsa masa da wa alaikas salam, kuma shi nake bayarwa. Na biyu gaisuwar mutuwa. Sun zo taku, ranar tasu kai ma ka je. Amma bakin Bahaushe ya saba, kafin ka ankara "Allah ya jiƙan rai" ta fito. Nema wa wanda ya mutu a kan wani addini gafara an hana shi a Suratut Tauba aya ta 113. Ka tsaya a kan "sannunku da haƙuri, Allah ya ba ku dangana, ya raya abin da ya bari." Ka yi gaisuwarka a gida, ba sai ka bi su wurin addu'ar gawa ba.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba. Tambayarka gajeriya ce, amma 'yar dattijon nan ta samu layi biyu a cikinta, har da shaidar hankali. Ban zarge ka da komai ba, na dai taɓa zama saurayi. Ka gode mata a gaban mahaifinta kan ɗawainiyar da ta yi wa naku, ka tsaya a nan. Kada ta zama 'yar aike tsakaninka da gidan, kada a shiga hirar waya da dare da sunan maganar haya. Auren Kirista mai kamun kai halal ne a nassi, Imamu Malik ya karhanta shi saboda tarbiyyar 'ya'ya, amma keɓewa da ita haramun ne kamar yadda yake da 'yar Musulmi. In har abin ya shiga ranka, ka sake rubuto mini, wannan wata tambaya ce mai zaman kanta.

Sannan abin da za ka sani game da su amana ne. Ka san halin da muke ciki a Zamfara na masu garkuwa da mutane da masu kai musu rahoto. Wane ne ke da ɗa a Legas yana aiko masa kuɗi, wace ce ke dawowa daga aiki da tsakar dare, wa zai yi tafiya gida lokacin Kirsimeti, duk wannan kada ya fita daga bakinka, ko a majalisa ko a WhatsApp. Mutanen da ba su da yawa a gari, ba su da dangi kusa, ƙaramar magana takan jawo musu babbar masifa. Kada kuma ka shiga da niyyar muhawara ranar farko. In an tambaye ka game da Musulunci ka faɗi abin da ka sani, abin da ba ka sani ba ka ce sai ka tambaya.

Na ƙarshe, ka ce mahaifinku ya rasu bara kuma kai kake karɓar haya, ba ka ce an raba gado ba. Idan ba a raba ba, kuɗin nan na magada ne gaba ɗaya, har da mahaifiyarku da 'yan'uwanka mata da ƙananan da ba su balaga ba. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe a gyara, ka riƙa ba kowane ɗan haya rasit, ku kuma gaggauta zuwa wurin malamin da ya san rabon gado ko kotun shari'a da ke kusa da ku.

Wallahu a'alam.